Kada ki tsinka masa abinci, 'yata

Assalamu alaikum 'yata. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikan nawa.

Saƙonki ya iso. Kin ce yaro ya shiga wata huɗu, manya suna matsa miki ki fara ba shi ɗan kunu mai ruwa-ruwa da lasar zuma, wai haka aka saba tun kaka da kakanni, su kuma ma'aikatan asibiti sun ce ki dakata. Kina tambayar wanne za ki bi, kuma in lokaci ya yi, na gwangwani za ki saya ko ki haɗa da hannunki.

Ki dakata. Masu ce miki wata huɗu ba su suka ƙaga ba, a zamaninsu har a asibiti ana cewa wata huɗu zuwa shida. A shekarar 2001 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da magana a kan wata shida na nono zalla, ko ruwa babu, sannan a fara abinci, a kuma ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. Ki faɗa musu haka cikin ladabi. Ki kuma riƙa lura da yaron kansa. In ya iya zama da ɗan tallafi, wuyansa ya tsaya, yana bin lomarki da ido yana kai hannu, ya daina turo cokali waje da harshe, to ya isa.

Zuma kam babu ita sai ya cika shekara, ko da ɗigo ne a yatsa. Akan sami wata ƙwayar cuta a cikinta wadda hanjin babba ke iyawa da ita, amma a cikin jariri sai ta tsiro ta fitar da guba mai shanye jiki, yaro ya kasa tsotso, kukansa ya yi rauni. Tafasawa ba ta kashe ta.

Inda magabata suka yi daidai shi ne ciyar da yaro daga tukunyar gida, kuma ina tare da su a kan wannan ɗari bisa ɗari. Inda na rabu da su shi ne tsinkawa. Cikin ɗan wata shida bai wuce kofin shayi ɗaya ba. In kin cika shi da abin da rabinsa ruwa ne, zai ƙoshi, ya rage shan nono, jikinsa kuma bai sami komai ba. Ga shi a daidai wannan lokaci ne sinadarin ƙarfe da ya zo da shi daga ciki yake ƙarewa, wanda da shi jiki ke yin jini, kuma na cikin nono ba ya isarsa. Shi ya sa kike ganin yaro ɓul-ɓul a wata biyar, ya kai wata tara ya zube, tafin hannunsa ya yi fari, ana ta cewa haƙori ne. Gwajin kaurin abincin mai sauƙi ne: ki ɗebo a cokali ki karkata shi. In ya tsiyaye, ya yi ruwa. In ya tsaya yana gangarowa a hankali, ya yi.

Kina girkin gida, ki ɗebi nasa kafin ki sa gishiri da dunƙulen ɗanɗano da yaji, domin ƙodarsa ba ta yi ƙwarin ɗaukar gishiri ba. Sukari ma ki bar shi. Ki turara dankali ko kabewa ko karas har ya yi laushin da zai murƙushe tsakanin yatsu biyu, ki dame shi da cokali mai yatsu, ki sassauta da ɗan nononki ko ruwan dahuwar, ki zuba ƙaramin cokali na mai. Amma kada ki tsaya a nan, abin da ke gina jini ya shiga kullum: nama ko hanta da aka dafa aka niƙa, dafaffen ƙwai da ya nuna har ƙwaiduwa, wake da kika tace a rariya ɓawon ya fita. In kifi ne, ki wanke hannu ki murza tsokar tsakanin yatsunki kaɗan-kaɗan, ƙayar da ido bai gani ba yatsa zai ji ta. Ɗan 'ya'yan itace a kai, kamar lemo ko mangwaro, yana taimaka wa jiki ya amfana da ƙarfen da ke cikin wake da ganye.

Ki fara da babban cokali biyu zuwa uku, sau biyu a rana, ki riƙa ƙarawa har ya kai rabin kofi. Daga wata tara ya koma sau uku zuwa huɗu. Kada ki daɗe a kan mai santsi, kafin wata takwas ki fara barin ɗan gudaji, ki ba shi yankin ayaba ya riƙe da kansa.

Za a ce miki ki hana shi ƙwai da gyaɗa har ya girma. Wani bincike da aka yi a Landan, aka fitar a 2015, ya nuna yaran da aka fara ba gyaɗa da wuri sun fi tsira daga rashin jituwa da ita. Niƙaƙƙiya luƙwi za ki dama masa, ƙwayar gyaɗa kuwa sai ya kai shekara biyar saboda shaƙewa. Irin waɗannan ki gwada su ɗaya-ɗaya, da safe, ki sa ido. In kin ga kumburin fuska, ƙuraje ko amai, ki tsaya ki kai shi asibiti. In dama yana fama da ƙyasbi mai tsanani ko ƙaiƙayin fata, ki fara jin ta bakin likita.

Zai tofar, zai ɓata fuska. Wani abincin sai an kawo masa sau goma kafin ya karɓa. Ki zaunar da shi tsaye, ki bi shi da haƙuri, kuma ina roƙonki kada ki bari kowa ya yi masa ɗura ko ya tauna ya ba shi.

Abin da kika dafa kada ya wuce awa biyu a waje. In akwai firji, kwana biyu ne iyakarsa, shinkafa kuwa kwana ɗaya. Ki ɗumama shi ya yi zafi sosai, ki bari ya huce, ki gwada a bayan hannunki. Ragowar da cokalinsa ya taɓa, ki zubar. Na gwangwani ki ajiye shi don ranar tafiya.

Ki gaida min maigidan naki. Allah ya raya mana shi.

Gwaggonki