Me ya kawo akanta cikin lissafin masu sayarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke riƙe da sashen sayarwa a wani kamfanin abincin kaji a Bukuru, Jos. A da sau ɗaya a shekara muke zaman kasafi, kowa ya koma bakin aikinsa. Yanzu sabon manajan kuɗi ya kawo zaman wata-wata, ni da masu sayen masara da masu inji da mai kula da sito, kowa ya zo da lissafinsa, shi kuma ya jagoranta. Shin yayi ne, ko akantoci ne ke neman ƙwace kamfani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba yayi ba ne, kuma ba manajanku ya ƙago shi ba. Tun shekarun 1980 masana'antu a Amurka suka fara zaunar da masu sayarwa da masu sarrafa kaya wuri ɗaya duk wata, don kada a yi alƙawarin abin da inji ba zai iya fitarwa ba. Kamfanin ba da shawara na Oliver Wight na cikin waɗanda suka yaɗa tsarin. Daga baya aka shigo da kuɗi da manufofin kamfani na dogon zango, ya zama abin da ake kira Integrated Business Planning da Turanci, a taƙaice IBP: tsari ɗaya, lissafi ɗaya, ga dukkan sassa.

Abin da ya sa ya kankama a wurinmu kuwa kai ma shaida ne. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin fetur. A watan Yuni Babban Banki ya saki naira, wato ya bar kasuwa ta yanke farashinta, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin ruwan Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024, hauhawar farashi ta kai 34.8 a Disamba. Har manyan kamfanoni irin su MTN da Nestlé na Najeriya sun bayyana asara a 2023 saboda faɗuwar naira. Kasafin da aka rubuta a Janairu, kafin damina ta sauka ya zama tsohon labari.

Mu duba kamfaninku. A ce ka faɗa wa zaman cewa daga Oktoba zuwa Disamba cinikinka zai ninka, tunda masu kiwo na zuba kajin Kirsimeti. Masara ce kusan rabin abin da ke cikin buhun abincin, ko fiye. Jin haka mai sayen masara zai so ya aika tireloli Saminaka da Mangu da kaka, ya cika sito tun masara na da araha. Da wane kuɗi? Da rancen banki, wanda ruwansa ke tafiya kullum, masarar na jibge. Mai inji zai ce ƙarin aikin dare na nufin ƙarin dizal. Kai kuma ka ba manyan diloli kaya bashi na wata ɗaya don kada abokin gasa ya janye su. Kowannenku yana da gaskiya a ɓangarensa. Amma kai da buhu kake lissafi, mai saye da tan, mai inji da awa, kuma babu inda waɗannan ke haɗuwa sai a naira. Nan ne kaɗai za a ga ko arahar masarar kaka ta fi ruwan bashin da za a biya kafin a niƙa ta, da kuma ko akwai albashin Janairu a asusu. Dalilin da ya sa sashen kuɗi ke riƙe da zaman ke nan.

Sai dai tsoronka yana da tushe. Inda tsarin ke lalacewa shi ne idan akanta ya zo da lambarsa daga ofis ya ce kowa ya bi. Bai san cewa wani babban dila a Mararaba ya fara karɓar kayan wani kamfani ba, bai san cutar murar tsuntsaye ta sa masu kiwo sun ja baya ba. Kai ka sani. Aikin akanta shi ne ya mayar da saninka kuɗi, ya nuna abin da zai faru idan dala ta tashi ko masara ta faɗi, sannan shugaban kamfani ya yanke hukunci.

Ka nemi abu ɗaya tun yanzu: a raba hasashe da burin da ake auna ladanka da shi. Muddin lambar da ka bayar ita ce za a hukunta ka da ita, za ka rage ta, mai saye ya ƙara nasa don kariya, a tashi da lissafin da ba wanda ya yarda da shi. Batun manhaja kuwa, SAP da Oracle da Anaplan na manyan kamfanoni ne. Excel ya ishe ku, in dai takarda ɗaya kowa ke dubawa. Zama na gaba ka je da cinikin kowane dila na watanni 12 da suka wuce, da sunayen waɗanda ke jinkirin biya, ka kuma nemi a fara zaman da kwatanta hasashen watan jiya da abin da aka sayar a zahiri.