Na gama zaman kaso: wane haƙƙi ne ya rage mini?

Tambaya: Barista, an ɗaure ni shekara uku bisa laifin cin amanar kuɗin wurin da nake aiki. Na cika wa'adina na fito. Yanzu wasu na ce mini ba ni da ikon yin zaɓe, ba zan samu fasfo ba, har wani ya ce wanda ya taɓa shiga gidan yari ba cikakken ɗan ƙasa ba ne. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Malam, barka da fitowa, Allah ya kiyaye gaba. Maganar cewa kai ba cikakken ɗan ƙasa ba ne, ka watsar da ita. Ɗauri ba ya cire mutum daga ƙasarsa ta haihuwa. Abin da ke faruwa shi ne doka kan taƙaita wasu haƙƙoƙi, kuma sai wanda ta ambata a rubuce. Duk wanda ya ce an hana ka abu kaza, ka ce ya nuna maka sashen da ya faɗi haka.

Wanda zai yi hattara shi ne wanda ya samu zama ɗan ƙasa ta hanyar nema. A Najeriya, sashe na 30 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa ikon ƙwace wannan matsayi daga wanda aka ɗaure shekara uku ko fiye, cikin shekara bakwai da ba shi. Wannan sashe bai shafi ɗan ƙasa na haihuwa ba.

Batun zaɓe kuwa kowace ƙasa da tsarinta. A Kanada tun 2002 kotun ƙoli ta ce ko wanda ke tsare yana da ƙuri'a, haka kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta yanke a 1999. A Amurka kowace jiha da dokarta: a Maine da Vermont fursuna na zaɓe daga kurkuku, a Florida kuwa sai a 2018 aka mayar wa yawancin waɗanda suka gama hukunci ƙuri'arsu, shekara ta zagayo aka gindaya sharaɗin biyan tara da kuɗin kotu tukuna. A Najeriya tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa mai shekara 18 damar yin rajista, kuma tsohon ɗauri ba ya cikin abin da ke hana hakan. Ka je ka karɓi katinka.

Inda irin laifinka zai taɓa ka shi ne tsayawa takara. A nan nake so ka natsu. Sashe na 66 ya hana wanda aka samu da laifin rashin gaskiya, wato irin su zamba da sata da cin amana, neman kujerar Majalisar Tarayya idan shekara goma ba ta cika ba tsakanin hukuncin da ranar zaɓe. Haka sashe na 107 ya ce kan majalisar jiha, na 182 kan gwamna, na 137 kan shugaban ƙasa. Ka lura, lissafin yana farawa ne daga ranar da alƙali ya yanke hukunci, ba ranar da aka buɗe maka ƙofa ba. Shekara ukun da ka zauna tana cikin goman. Mutane da yawa ba su san wannan ba, sai su ƙara wa kansu jiran da doka ba ta ɗora musu ba.

Saboda haka abu na farko, ka je wurin rajistaran kotun da ta yi shari'arka, ka nemi kwafin hukuncin mai hatimi. A cikinsa za a ga sashen da aka tuhume ka da shi da kwanan wata. Ko wane lauya ka je wa, takardar da zai fara tambaya ke nan.

Hanyar gajarta jiran biyu ce. Idan kana ganin an zalunce ka a shari'ar, gama zaman kaso bai hana ɗaukaka ƙara ba, sai dai lauyanka zai roƙi kotu ƙarin lokaci tunda wa'adi ya wuce, kuma dole ya kawo dalili mai ƙarfi. Ta biyu ita ce afuwa: ta shugaban ƙasa a sashe na 175 idan laifin na dokar tarayya ne, ta gwamna a sashe na 212 idan na jiha ne. Cikakkiyar afuwa tana ɗauke hanin takara. Olusegun Obasanjo ya fito daga kurkuku a 1998, aka yi masa afuwa, ya ci zaɓe a 1999. Amma afuwa alfarma ce, ba haƙƙi ba, kuma a ganina abin takaici ne yadda ta fi sauƙin samuwa ga manya fiye da talakan da ya gyara halinsa. Duk da haka ka rubuta, ka haɗa da shaidar sana'arka da ta mutanen kirki da suka san ka.

Fasfo ba ya haramta gare ka don ka taɓa ɗauri, sai in akwai umarnin kotu ko wata shari'ar da ba a gama ba. Wahalar tana wajen biza, domin kowace ƙasa ita ke zaɓar baƙinta. Amurka na hana shiga ga wanda aka samu da laifin zamba ko sata, kuma ba ta la'akari da afuwar wata ƙasa, ko da yake ana iya neman sassauci. Don Allah, in fom ya tambaye ka ko an taɓa ɗaure ka, ka faɗi gaskiya. Ƙarya a fom ɗin bizar Amurka na iya jawo hanin shiga na har abada. Haka nan wajen neman aiki: in aka tambaya ka ɓoye, ranar da ta fito fili ɓoyewar kaɗai ta isa dalilin sallama. In za ka cike irin wannan fom, ka kai wa lauya ya duba tare da kwafin hukuncinka kafin ka sa hannu.