Tambaya da Amsa: Na Samu Jirgin Ruwa Na Hannu Da Kaya Cike, In Biya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Na dade ina tara kudi dan in sayi jirgin ruwa mai tafiya da iska, irin wanda mutum zai zauna a ciki yayi doguwar tafiya a teku da iyalinsa. Yanzu dillali ya nunamin wani na hannu, kafa 40, kirar shekarun 1990, jikin faiba ne, kuma wallahi ba abin da babu a ciki, akwai sola, akwai na'urar tace ruwan gishiri ya koma na sha, akwai rada da matuki mai sarrafa kansa da firij da kwale-kwalen ceto. Mai shi ya tsallaka Atlantika da shi. Dillalin yace in ban bada kafin alkalami a satin nan ba wani zai dauke. Dan Allah me zan duba? Ko in biya kawai tunda komai ya cika?

Daga dan uwanka mai son teku

AMSA: Wa alaikumus salam dan uwa. Kada ka biya tukuna, kuma zancen wani zai dauke, ai bakin dillali ne, duk dillalin duniya haka yake cewa.

Naga duk abin da ka lissafo min kayan da aka dora ne, baka ce komai akan jirgin kansa ba, kuma nan ne mafi yawan masu saye suke rudewa. Kayan lantarki sune suka fi saurin tsufa a jirgi, rada da allon taswira da suka haura shekara goma wani lokaci ko kayan gyaransu baza ka samu ba, na'urar tace ruwa kuma in ta dade a ajiye ba'a zuba mata maganin adanawa ba to matatar cikinta ta mutu, sai sabuwa. Kwale-kwalen ceto yawanci duk shekara 3 ake kaishi a bude a duba, na'urar kiran agaji ta EPIRB batirinta yana da ranar karewa a rubuce a jiki. Dan haka ka koma wajen dillalin kace ya baka lissafin nan, amma kowane abu da shekarar da aka sa shi da rasit. Zaka ga lissafin ya ragu da kansa.

Abin da zai cinye maka kudi ko ma rai yana kasa da inda ido yake kallo. Fara da nauyin karfen da yake rataye a karkashin jirgi, wanda ake kira kil, shine yake hana iska kifar da shi. A jirage da yawa manyan kusoshi ne suke rike da shi ta cikin jikin, to ka daga katakon daben ciki ka haska tocila, in kaga tsatsa tana tsiyaya daga notunan ko tsaga a faibar da ke kewaye dasu ko alamar an yi sabon fenti a wajen kadai, ka tambayi mai shi kai tsaye, jirgin nan ya taba dukan kasa? A shekarar 2014 wani jirgi mai suna Cheeki Rafiki, kirar Beneteau First 40.7, kil dinsa ya balle a tsakiyar Atlantika ya kife, mutum hudu suka rasu, kuma binciken hukumar hadurran jiragen ruwa ta Birtaniya ya nuna jirgin ya sha dukan kasa a baya an gyara. Shiyasa tambayar nan ba ta wasa bace.

Sai wayoyin karfen da suke rike da doguwar sandar filafilai. Karfe ne mara tsatsa, yana sheki har ranar da zai tsinke, gajiyarsa a ciki take musamman daidai inda wayar ta shiga bakin matsewarta. Abin da aka saba shine a canza su tsakanin shekara 10 zuwa 15, kamfanonin inshora da yawa ma sukan tambayi shekarunsu kafin su yarda. To kai da kace jirgin ya tsallaka teku, wannan ba yabo bane kadai, tsallaka Atlantika daga Las Palmas a tsibiran Kanari zuwa tsibirin Sent Lusiya a Karibiyan kusan mil 2,700 ne na teku, sati biyu zuwa uku wayoyin nan suna ja suna saki dare da rana ba hutu. Kuma ka bi su har kasa inda suka kama farantan karfen da suka ratsa ta saman jirgi, ruwan gishiri yana kwanciya a wajen da iska bata shiga ya rika cin karfen a boye, daga sama tas, ciki kuwa ya zama rariya.

Saman jirgin ma ka taka shi ba takalmi, ko'ina. Yawancinsu faiba biyu ce aka sa katako mara nauyi na balsa a tsakani, duk inda aka huda aka daura wani abu ba'a toshe da kyau ba ruwa yana shiga katakon ya rube. Ka lura, jirgin da yafi kaya shi yafi huji, kowane sola da kowace eriya sai da aka huda mata waje. In kaji wuri yana lotsawa karkashin kafarka ko ka kwankwasa da bayan sukudireba kaji sautin ya mutu maimakon ya amsa kau kau, to akwai ruwa a ciki. In kuma katakon tik aka shimfida a saman da kusoshi, kyau kam akwai, amma canza shi yana daga cikin aiki mafi tsada a jirgi.

Inji kuwa ka roki kada a taba shi kafin kazo, ka dora hannu kaji yana da sanyi sannan a tayar a gabanka, dan inji mai zafi kowanne yana tashi da wuri. Duba hayakin, duba ko ruwa yana fita ta salansa yadda ya kamata, zaro sandar mai kaga ko ya koma fari-fari alamar ruwa ya shiga. Yanmar ne ko Volvo Penta ko Perkins duk suna dadewa in an kula dasu, littafin sabis yafi awannin da mita ta nuna muhimmanci. Ka murda kowane bawul da ya huda jikin jirgi zuwa ruwa, wanda ya kafe baya rufuwa shine zai nutsar da kai ranar da tiyo ya fashe.

Duk wannan naka duban ne na farko, dan ka san ko ya cancanci a kashe masa kudin kwararre. In ya wuce, ka dauko mai duba jirage naka na kanka, kai zaka biya shi, kada ka karbi wanda dillali ya kawo ko tsohon rahoton da mai jirgi ya ajiye. A daga jirgin daga ruwa a wanke kasansa a auna danshi a duba kurajen da suke fitowa a jikin faiba, a girgiza allon juya jirgi aji ko yana wasa, sannan a fita dashi teku a bude duk filafilai a gani. Kafin alkalami a al'adar cinikin nan kashi 10 ne cikin dari, amma a rubuta a yarjejeniya cewa sai dubawa da gwaji sun yi kyau, in ba haka ba a dawo maka da kudinka.

Takardu kuma kada kace sai daga baya. Lambar da aka buga a jikin jirgi ta baya ta dace da ta takarda, sunan mai sayarwa shine a rajista, ba bashin banki a kansa, in kuma a kasashen Tarayyar Turai yake ka nemi shaidar an biya masa harajin VAT. Sannan ka rage kudi a hannu, wanda ya zuba duka a saye jirginsa a tasha yake zama. Ni dai da za'a bani zabi tsakanin jirgi mai sabbin wayoyi da busasshen jiki da ba komai a ciki, da wannan naka mai rada da firij da ba'a san shekarunsu ba, na farkon zan dauka.

TAMBAYA: Malam ni da maigidana ne kadai zamu rika tuki, yana so mu sayi wanda kamfanin haya ya gama aiki dashi a Girka dan yafi sauki. Akwai matsala?

Daga 'yar uwarka

AMSA: 'Yar uwa ba haramun bane, amma ku san me kuke saye. Jiragen haya irinsu kirar Bavaria da Jeanneau da Beneteau an tsara su ne dan mutane da yawa suyi hutun sati daya, dakuna da bandakuna sun yi yawa, wajen ajiya da tankin ruwa kadan, kuma hannu dari ne ya tuka su, wasu ranar suka fara koyo. Inji yasha aiki, dukan kasa kuma ba kowane dan haya bane yake fada, dan haka maganar kil din can ta sama ta shafe ku sosai. Amfaninsu shine yawanci ana musu sabis akan lokaci kuma akwai littafinsa, ku nema. Tunda ku biyu ne, kafin maigidan naki ya sa hannu ke ki gwada da kanki, ki daga babban filafilin ki rage shi ki saukar da anka ki dawo da ita ke kadai, dan ranar da yake bacci ko bashi da lafiya ke zaki yi. In kafa 45 yafi karfinki ku sauko 36 ko 38.