Ɗalibaina ba su da hujja sai "an ce"

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyar da Turanci a aji biyu na ƙaramar sakandare a Gusau. In na ba yara rubutun muhawara, hujjarsu ba ta wuce "kowa ya sani" da "an ce". Wani abokin aikina ya ce in daina wahalar da kaina, in rubuta musu dalilai biyar su haddace, su haɗa da alƙaluma ko da na ƙirƙira ne, tunda mai duba takarda ba zai bincika ba. Jarrabawar aji uku na tafe, hankalina a tashe yake. In bi shawararsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki bi.

Wannan shawara ta ishe ni, don kusan duk bitar malamai da na je sai na ji ta. Kin san yadda abin yake. Yaro ya miƙe ya gaida shugaban taro da alƙalai da mai duba lokaci, ya gyara murya ya ce "bincike ya nuna kashi 80 cikin 100", a yi ta tafi. Tambaye shi wane bincike, sai ya waiwayi malaminsa, malamin kuma ya sunkuyar da kai. Abin da yaron ya koya shi ne, ƙarya in ta sa riga da lamba ba mai tare ta. Irinsa ne gobe zai tura saƙon murya a WhatsApp bai tsaya ya ji daga ina ba. Mun manta watan Agustan 2014? Waya ta yi ta ruri tsakar dare, wai a tashi a yi wanka da ruwan gishiri, a sha, don Ebola. Har masu digiri sun yi wankan nan, wasu kuma sai asibiti. Abin takaicin, yaron nan da yamma yana Islamiyya ana koya masa cewa hadisi sai an duba isnadi, an san wa ya ji daga wa, sannan a ce sahihi ne ko mai rauni. Da safe kuma mu a boko mu ce masa ya ƙirƙiro. Haba! Mizanin na hannunsa, mu ne muke hana shi awo da shi.

Ki fara da abin da ya faru a jiharku. A 2010 yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ɗaruruwa, sai gwajin jini da na ƙasa ya nuna gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Ki rubuta takardu uku da kanki: maƙwabci da ya ce iska ce, dillalin zinare da ya ce dutse bai taɓa kashe kowa ba, da ma'aikacin lafiya mai sakamakon gwaji. A kan kowace, yara su amsa: wa ya faɗa, ta yaya ya sani, me zai samu in an yarda da shi? A kan dillalin ne ajin zai kaure, ki ƙyale su su yi musun. Amma ki bi a hankali, wataƙila akwai wanda abin ya taɓa gidansu.

In lamba suke so, su ƙirgo da kansu. Muhawarar ko a sassauta wa masu makara? To, mako guda su tsaya bakin ƙofa, su rubuta nawa suka makara, nawa cikinsu ɗiban ruwa ne ya tsayar da su. "Mutum 14 cikin 23 da muka tambaya" hujja ce da yaro zai kare ko a gaban wa. Daga nan ki sa kowa ya rubuta sakin layi ɗaya yana kare ra'ayin da ya ƙi, kafin ya rushe shi.

Batun jarrabawa kuwa, mai dubawa ma'ana da tsari da kyan harshe yake ba maki, lambar bogi ba ta ƙara ko ɗaya. Ke dai duk inda kika ga "an ce" a littafin yaro, ki zagaye da jan biro, ki rubuta a gefe: "In ji wa?"