Amsa kan asusun ciyar da yara a dogon hutu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yallaɓai Ciyaman, Malam Sakatare, yayyena da ƙannena na wannan zaure, barkanmu da yamma. 'Yan'uwanmu Kirista, ina gaishe ku. Ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo, don maganar ta fi ƙarfin in tsaya ina dannawa da yatsa.

Na saurari tambayar da ƙanena na sashen sufuri ya yi a kan shawarar da aka kawo, wato mu riƙa ware wani abu daga albashi duk wata saboda ciyar da yara. Ya ce me ya sa sai a dogon hutun makaranta, ba a bari sai azumi ba, lokacin da lada ya fi yawa? Ya kuma ce me ya sa za mu miƙa wa wata ƙungiya kuɗinmu, ba mu sayi shinkafa mu raba da hannunmu ba? Tambaya ce ta gaskiya, kuma na san da yawa suna da ita a rai, shi ne dai ya furta.

To ƙanena, ka duba garin nan namu na Kaduna da azumi. Daga Masallacin Sultan Bello har ƙananan masallatan lungu, ina ne ba a ajiye kunu da ƙosai da dabino? 'Yan kasuwa na fitar da zakka, 'yan siyasa na rabo, gwamnati na buɗe wuraren ciyarwa. Ban ce ya wadatar ba, amma hannuwa a buɗe suke. Haka 'yan'uwanmu a Disamba, coci-coci na kai buhuna gidajen marayu da na gwauraye. Yanzu ka gaya mini, wa ke rabon abinci a watan Agusta? Babu kowa. Kuma wallahi a duk shekara babu lokacin da tukunyar talaka ke wahala irin wannan.

Makarantu na rufewa wajen ƙarshen Yuli, sai cikin Satumba a koma. Wannan shi ne tsakiyar damina. Abin da manomi ya ajiye na bara ya ƙare ko ya kusa, sabo kuma bai nuna ba. Duk wadda ke zuwa cefane Bakin Dogo ko kasuwar Kawo ranar Talata ta san a lokacin ne mudun masara da na wake ke hawa. Sannan ga marka. Magini da lebura sai su wuni a zaune don ruwa ya hana aiki, mai tura baro haka, mai sayar da kaya a tire haka. Wanda abincinsa ke fitowa daga abin da ya samo a ranar, in ruwa ya kwana biyu yana zuba, gidansa ya kwana biyu a wahale. Ga zazzaɓin cizon sauro, shi ma lokacinsa ke nan, ɗan abin da za a yi cefane sai ya tafi kemis. Uba kuma yana ta lissafin Satumba: kuɗin makaranta, yunifom, takalmi, littattafai. Ina ake matsewa a fitar da su? A tukunya.

Wani zai ce ai makarantun gwamnati ma ba kullum ake ba da abinci ba, to mene ne bambancin hutu da zangon karatu? Akwai bambanci. Yaron da ke makaranta, ko naira hamsin ce ana ƙoƙarin damƙa masa kuɗin tara, ko abokinsa ya gutsura masa, ko malamarsa ta lura ya yi laushi ta kira uwar. Akwai ido a kansa. Da an yi hutu wannan idon ya ɗauke. Yara biyar, shida a gida tun safe, mace ɗaya na ta dabara, daga nan sai a ɗora wa 'yar shekara tara tiren gyaɗa ko dafaffiyar masara a ce ta tafi bakin titi. Ku da kuke bin hanyar Rigasa ko Hayin Banki, ku ƙirga yaran talla a Agusta, ku sake ƙirgawa a Oktoba.

Mu a Kaduna ai mun ga abin da abinci ke yi da idonmu. A Janairun 2016 da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta fara ciyar da 'yan firamare, azuzuwa cika suka yi har yara na zama a ƙasa, waɗanda ba su taɓa shiga aji ba suka zo da kwanukansu. Har ana ƙorafi wai wasu da sun ci sai su sulale gida. Ni ban ga abin zargi a wurin yaro ba, abin da ya nuna mini shi ne yawan masu fitowa daga gida ba su karya ba. Na tarayya kuma, wanda aka soma a shekarar 2016 ɗin zamanin Buhari, 'yan aji ɗaya zuwa uku ne kawai, a kan naira 70 kowane yaro, daga baya aka mayar naira 100. A Janairun 2024 Shugaba Tinubu ya dakatar da shirye-shiryen hukumar da ke kula da shi saboda bincike. Kuma ko a ranakun da shirin ke tafiya daidai, ranar makaranta kawai yake aiki. Hutu ba ya cikin lissafinsa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kuwa, ba sai na gaya wa kowa yadda cefane ya koma ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan giɓin ba. Amurka da duk arzikinta, tun 1968 take da shirin ba yara abinci a hutun bazararsu, a 2024 ma yawancin jihohinsu suka ƙara da ba kowane yaron gidan marasa ƙarfi dala 120 na sayen abinci a hutun. A Ingila, ɗan ƙwallon nan Marcus Rashford ne ya tsaya a 2020 har gwamnati ta janye shawararta ta dakatarwa, ta ci gaba da ba yara takardar karɓar abinci a lokacin hutu, shi ma da abincin makaranta ya tashi. Tsarin cire sadaka daga albashi kuma, a Amurka ya daɗe. Ma'aikaci ya sa hannu, a riƙa cirewa ana tura wa ƙungiyar agaji irin su United Way, wani kamfanin ma in ka ba da ɗaya sai ya ɗora ɗaya. Mu ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ai haka muke yi da kuɗin kofaretib da na adashi.

Bari in kwantar wa Baba mai gadi da sauran ƙananan ma'aikata hankali, don na ji an ce suna tsoron a wayi gari an zaftare musu albashi. Ni ke zaune a teburin albashi, kuma ba zan taɓa kwabon kowa ba sai da fom ɗin da ya sa wa hannu da kansa, ya rubuta adadin da ya ga zai iya. Wanda ke kan mafi ƙarancin albashi, da kyar yake kai ƙarshen wata, in bai shiga ba babu laifi, kuma ba za a liƙa sunan kowa a allo ba, wanda ya bayar da wanda bai bayar ba. Duk watan da mutum ya ce a tsaya, an tsaya. Sannan wannan sadaka ce, kada a gauraya ta da zakka. Zakka tana da nisabinta da mutanen da aka ƙayyade a ba su, mai fitarwa ya tambayi malaminsa. Asusun nan namu ne gaba ɗaya, Musulmi da Kirista, don haka ina roƙon a raba aikin gida biyu, unguwa ɗaya a arewacin gadar kogin Kaduna, ɗaya a kudu. Yaron Kakuri ko Nasarawa da kakansa ya rasa aiki tun da masaƙu suka rufe, cikinsa bai bambanta da na yaron Tudun Wada ba.

Lissafin mai sauƙi ne. A ce mu arba'in muka yarda da naira 2,000 a wata, an samu 80,000. A shekara 960,000 ke nan. In hukumar gudanarwa ta yarda ta ɗora ko rabin haka, kun ga an wuce miliyan. Amfanin tarawa a hankali shi ne, kuɗin da ya shigo da kaka, wajen Nuwamba da Disamba, a sayi hatsi da waken suya da gyaɗa tun suna araha a adana, kada a jira Agusta a saya da tsada.

Sai maganar ƙungiya. Ƙanena, in muka sayi shinkafa muka tsaya a bakin ofis, wa zai zo? Mai ƙarfin turereniya, da wanda ya san wani a cikinmu. Matar da mijinta ya rasu tana takaba, da wadda kunya ta hana ta fitowa, ba za mu taɓa ganinsu ba. Mu muna aiki daga safe zuwa yamma, ba mu san gida-gida ba. Amma matan Islamiyyar unguwa sun sani, zumuntar mata ta coci sun sani, kwamitin marayu na masallaci yana da littafi da suna. Irin su FOMWAN, ƙungiyar mata Musulmi ta Najeriya, tun 1985 suke wannan aiki, ga 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da hedikwatarsu ke nan garin, ga na Izala, ga Red Cross.

Na taɓa zama wurin wasu mata a unguwarmu suna haɗa garin nan da ake kira Tom Brown. Mudu shida na gero ko masara, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. Kowanne a soya shi daban, a ɓarza waken a sheƙe dusar, a haɗa a kai inji. Ƙamshinsa har zaure. Sai su ƙulla a leda, kowace uwa ta karɓi na mako, a nuna mata yadda za ta dama. Ɗaya daga cikinsu na riƙe da ɗan tef ɗin awon dantse, tana zagaya shi a hannun ƙananan yara. In ya tsaya a kore, lafiya. In ya shiga ja, wato ƙasa da santimita 11.5, sai ta ce wa uwar wannan ya wuce kunu, tamowa ce, gobe da sassafe a kai shi asibiti. Wata yarinya ta karɓi kofinta na ɗanɗano, ta sha rabi, ta rufe sauran da gefen hijabinta, aka tambaye ta ta ce na ƙaninta ne yana gida. Wannan sanin, mu ba mu da shi, kuma kuɗi kaɗai ba ya sayo shi.

Ban ce a rufe ido a ba kowa ba. Na ga wata ƙungiya da ta zo da allon hoto ya fi kayan rabon girma, aka jera yara a rana, aka ɗauki hotuna, aka tafi. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai. Don haka duk wadda za mu zaɓa, mu ga takardar rajistarta ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, asusun banki ya kasance da sunan ƙungiya ba na mutum ba, mai unguwa ya shaide su, su yarda mutum biyu daga cikinmu su riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba. Gara ma mu kai musu hatsi a kan tsabar kuɗi. Kuma a rubuta a yarjejeniya: ba a ɗaukar fuskar yaro a sa a Facebook da sunanmu.

Yallaɓai Ciyaman, abin da nake nema shi ne a sa maganar a zaman ranar Alhamis, a zaɓi mutum uku da za su riƙe asusun, kada ni da ke cire kuɗin in kasance cikin masu sa hannun fitar da shi. Duk wanda ya san wata ƙungiya a unguwarsu da ya yarda da amanarta, ya tura wa Malam Sakatare sunanta kafin ranar. Fom kuma zan buga gobe in Allah ya kai mu, yana kan teburina, mai so ya zo ya ɗauka ko ya aiko. Na gode, a gaida iyali. Wassalamu alaikum.