Kafin ka ajiye aikin, gwada wannan

Ɗan'uwa, ka ce albashi na shiga amma zuciyarka ba ta wurin aikin, kana tambaya ko ajiye shi ne mafita. Dakata tukuna.

A 2001 wasu masana biyu a Amurka, Amy Wrzesniewski da Jane Dutton, sun yi rubutu kan masu shara a wani asibiti. Duk aikinsu iri ɗaya ne. Wasu na ganin goge-goge kawai suke yi, wasu kuwa sun ɗauki kansu cikin masu kula da majinyata, suna hira da su, suna taimaka wa 'yan dubiya. Waɗannan ne suka fi jin daɗin aikin, alhali ba wanda ya ƙara musu muƙami.

Kai ma ka duba wanda ke amfana da takardun da kake cikewa, ka matso kusa da shi. Sannan ka gwada shawarar Martin Seligman, wani masanin halayyar ɗan'adam: kowane dare, tsawon mako guda, ka rubuta abubuwa uku da suka tafi daidai, da dalilinsu.

Amma fa idan wulaƙanci ne ko hana albashi ke damun ka, rubutun dare ba zai magance shi ba, fara neman wani wurin.