Majinyacina yana allurar homon, lissafin maza zan yi masa ko na mata?

Tambaya: Anti, ni ɗaliba ce daga Nima, ina karatun ilimin abinci. A asibitin da nake koyon aiki wani ya zo, a kati an rubuta mace, amma ya ce shekara 2 kenan yana allurar testosteron, wato homon ɗin maza, kuma a matsayin namiji yake rayuwa. Wallahi na rasa lissafin da zan yi masa, ba a taɓa koya mana wannan ba.

Amsa: Ƙanwata, ba ke kaɗai ba ce, mu ma haka muka gama makaranta ba wanda ya taɓa tada maganar a aji, sai ranar da majinyaci ya zauna gabana yana murza katinsa na gane akwai giɓi a karatunmu, kuma abin na damuna har yau.

Fara da lissafin kalori. A tsarin Mifflin na 1990, namiji ana ƙara masa 5, mace ana cire mata 161, to bambancin duka 166 ne a rana, ko kwanon waakye ɗaya bai kai ba. Ki yi duka biyun, tunda ya daɗe kan allurar naman jikinsa ya ƙaru sai ki karkata wajen na maza, sannan ki riƙa auna nauyinsa duk zuwa.

Inda nake so ki buɗe ido sosai shi ne jini. Mai haila na buƙatar sinadarin ayon miligiram 18 a rana, namiji 8. To ki tambaye shi cikin mutunci, har yanzu yana ganin al'ada? In ta tsaya buƙatar ta ragu, kuma testosteron da kanta tana sa jini ya yi kauri, ga mutanenmu da an ji kasala sai a ruga kemis a sayo maganin ƙarin jini, wannan kam ki hana shi har sai an yi gwaji. A duba kolestarol ma, mai kyaun yakan sauka.

Wata rana za ki haɗu da akasin haka, wadda a kati namiji ne amma a matsayin mace take rayuwa, tana shan istrojin, wato homon ɗin mata, haɗe da spironolakton mai rage ƙarfin homon ɗin maza. Shi spironolakton ɗin yana tara potasiyom a jiki, don haka ki bincika ruwan kwakwa na kullum, ayaba, kontomire, musamman gishirin nan na masu hawan jini. Ƙashi kuma, wagashi da ƙananan kifin da ake ci da ƙaya suna taimakawa.

Kar ki manta ki tambayi yadda yake cin abinci, wasu suna hora kansu da yunwa don al'ada ta ɗauke ko surar jiki ta canja, kuma ba za su faɗa ba sai sun yarda da ke. Kin san yanayin Ghana, tsoro ya sa wasu su kan sayi allurar a ɓoye ba likita. Ki rufe ƙofa, ki kira shi da sunan da ya ba ki, maganarsa kar ta fita ofis, sannan ki lallaɓa shi ya je gwajin jini kafin zuwa na gaba.